A yi hattara da magungunan ƙara garkuwar jiki

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ja hankalin jama'armu na zangon Kumasi kan maganin gargajiyan da ake talla a mota da lasifika wai yana ƙara garkuwar jiki. Ƙanwar mamana bakinta ya bushe ƙayau, ko burodi ba ta iya haɗiyewa sai da ruwa, idonta kamar an zuba yashi, maƙwabta suka ce hunturu ne, ta saye kwalbar maganin a kasuwar Kejetia tana ta sha. Ashe Sjögren ne, ciwon da garkuwar jiki da kanta take far wa inda yawu da hawaye ke fita, kuma mata ya fi kamawa. To mai irin wannan ko lupus (shi ma ciwo ne da garkuwa ke far wa jiki), garkuwar ta riga ta wuce gona da iri, ya za a ce a ƙara mata wuta da irinsu ganyen echinacea? Bushewar baki kuma ciwon suga na kawo ta, maganin mura da na hawan jini ma haka. Ban raina ganye ba wallahi, da shi muka tashi, amma a duba lambar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna, a jikin kwalba, kuma a je asibitin Komfo Anokye a yi gwajin jini tukuna.

Mai karatunku daga Aboabo