Takardar Koke Kan Ciwukan Da Suka Daina Jin Magani A Asibitinmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya. Mu talakawanka ne, cikinmu akwai tsofaffin ma'aikatan jinya da unguwarzoma, muna neman afuwa da muka sake damunka.

Makon jiya aka yi jana'izar wata mai jego da aka yi wa tiyata a babban asibitin garin nan. Aikin ya yi kyau, jaririn yana raye. Kwana huɗu ɗinkin ya fara fitar da mugunya, zazzaɓi ya hau. Aka yi ta ɗirka mata allurar kashe ƙwayar cuta mai suna ceftriaxone, aka ƙara da wata mai suna gentamicin, shiru. Ba a ɗebi mugunyar an gwada ba, don ɗakin gwajin ba shi da kayan shuka ƙwayar cuta, wato na rainonta har a gane irinta. Gwajin nan kwana 2 zuwa 3 yake ɗauka, shi ke nuna wace irin ƙwayar cuta ce, ko wadda ake kira Klebsiella ko MRSA, da maganin da zai ci ta. In babu shi, lalube ake yi cikin duhu.

Ranka ya daɗe, mutuwa ta Allah ce, amma sakaci na mutane ne. Tukunyar tururin da ake dafa almakashi da wuƙaƙen tiyata sai ta kai zafin digiri 121, ta riƙe shi aƙalla minti 15. Wuta na ɗaukewa a tsakiyar aiki, a sauke kayan a yi amfani da su haka. Famfon ɗakin haihuwa a bushe yake, a roba ɗaya kowa ke tsoma hannu, alhali wankin hannu da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60 ne ƙarƙashin ruwa mai gudu. Robar fitsari kuwa sai a bar ta jikin majinyaci bayan buƙatarta ta wuce.

Mun rubuta, mun je, mun zauna da shugabanni, an ce za a duba.

Muna roƙon ka sa baki a gyara rijiyar burtsatse, a ja wa ɗakin tiyata wutar sola, a kawo kayan gwaji, a ware wa masu ruɓaɓɓen ciwo ɗakinsu. A kuma ja kunnen masu kyamis da ke sayar da kafso ɗaiɗai ba takardar likita, don shan rabin magani ke koya wa ƙwayar cuta taurin kai. Ruwan nan dai, ranka ya daɗe, shi muke roƙo a fara da shi.

Allah ya taimaki Hakimi.

Mu ne,
Mazauna unguwannin da ke kewaye da asibitin