Zuwa ga manajan kamfanin da ya ɓata mini kafireton Fijo 504 a Suame Magazine

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Sau uku ina zuwa wajenku, kullum a ce mini Masta ya fita. Na bar lambata a hannun yaron da ke rubuta rasit, har yau ba wanda ya kira ni. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a, ko ta iske ka ta nan. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, kuma ba zan ambata ba, domin gyara nake nema. Kun san kanku: ni ne mutumin Aboabo da ya kawo kafireton Solex a cikin leda, naɗe da tsohon rawani.

Motar Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo, ƙirar 1978. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Da ita ya yi fataucin goro tsakanin Kumasi da Tamale da Bawku, a cikinta kuma na koyi tuƙi. Faransa ta daina ƙera irinta tun 1983, Kaduna ma da ta ci gaba da haɗa ta shekaru bayan haka ta daina tuni. Duk wanda ya taka Magazine, unguwar gareji ta Kumasi, ko kasuwar Abossey Okai ta Accra neman kayanta ya san kafireto na asali mai lafiya ya yi wuya. Na faɗa wa babban ma'aikacinku haka baki da baki ranar da na kawo aikin. Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, irin wannan kullum muna yi."

Aikin ba wani babba ba ne. Ramuka biyu na sukurorin da ke riƙe murfin sama tiredinsu, wato haƙoran cikin ramin, ya cinye, sai sukuru ya yi ta juyawa ba ya kamawa. Na uku shi ne bakin da fetur ke shiga, shi ma ya fara sakewa. Muka yi magana a kan helikoyil, wato wayar ƙarfe da ake murzawa cikin rami ta zama sabon tiredi, aka rubuta shi a rasit, na biya sidi 650 ban rage ko kwabo ba.

Ni ba fita ba ne, wato makanike, amma shekarun da na yi da motar nan sun koya mini abin da ya kamata a yi. Jikin kafireto ba baƙin ƙarfe ba ne. Haɗin tutiya ne da ɗan alminiyam, mai laushi, wanda ke narkewa kafin zafi ya kai digiri 400, shi ya sa mai hankali ba ya kai masa wutar walda. Ramin sukuru mai kaurin milimita 5, ana buɗa shi da bakin huda na milimita 5.2, a miƙe tsaf, a kan injin da ke tsaye, ba da hannu ana rawa ba. Sai a yanka sabon tiredi da taf, wato ƙarfen yanka tiredi da ke zuwa tare da kayan helikoyil, a murza wayar nan mai kama da sifirin ta zauna ciki, a karye ɗan harshenta na ƙasa a fitar. Daga nan sukurun asali zai koma gurbinsa, ya ma fi dā riƙo, tunda yanzu ƙarfe yake cizo. A wanke, a hura iska, a tabbatar ba ɓurɓushi. Aikin da na biya ke nan.

Kwana tara da karɓo shi, muka kama hanyar Ejisu zuwa suna. Hajiya mahaifiyata tana gaba, matata da yara biyu suna baya. Tun daga Anloga Junction na fara jin warin fetur, na ɗauka daga wata motar haya, torotoro, ce da ke gabanmu. Muna wuce Tech Junction injin ya fara shaƙewa, baƙin hayaƙi na fita ta salansa. Hajiya ce ta ce, "Kai, tsaya, warin nan daga cikin motar nan yake." Na gangara gefe na ɗaga bonet. Fetur ne ke tsatsafowa daga ƙarƙashin murfin kafireto, yana bin jikinsa yana ɗiga a kan inji mai zafi, kowane ɗigo na tashi da tururi. Na fitar da su da gudu. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta tsaya a rana bakin titin Accra fiye da awa ɗaya kafin mu sami mai jan mota. Tartsatsi ɗaya daga wayar fulogi ya isa, Allah ne kawai ya tsare.

Washegari na kai shi wurin wani dattijon fita a unguwarmu, wanda ya taɓa motar tun mahaifina na raye. A gabana ya kwance, ya shimfiɗa farin ƙyalle ya jera komai a kai. Babu helikoyil ko ɗaya. A rami na farko an tura sukuru mai milimita 6 da ƙarfin tsiya, wanda tazarar haƙoransa ma ba ɗaya ba ce da ta na asali, har kunnen ramin ya tsage daga sama zuwa ƙasa. An shafe tsagar da gam, an goga mata toka-tokan fenti don kada ido ya gani. Rami na biyu gam aka cika shi da shi aka dasa sukuru a ciki, da dattijon ya murɗa sai ya fito da dunƙulen gam manne a jikinsa kamar ƙanzo. Bakin fetur kuwa, farin tef ɗin masu gyaran famfo aka naɗa masa. A wurin nan washa ce ke tare mai idan fuskarta ta zauna daidai, tef ba shi da aiki. Zarensa ya yage ya bi fetur ya maƙale a allurar fulot, wadda ke tsayar da shigar fetur, ta kasa rufewa, kwanon kafireton ya cika ya yi ambaliya. Dattijon ya zaro zaren da tsinke ya ɗora mini a tafin hannu. A gindin kwanon kuma ga garin ƙarfe yana walƙiya, alamar ko wankewa ba a yi ba.

Ya ɗora murfin a kan gilashi, ya danna gefe ɗaya, ɗayan ya ɗaga. An ɗaure shi fiye da kima har ya lanƙwashe. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wannan gyaran gangar Abzinawa aka yi maka."

Ranka ya daɗe, kowa na iya kuskure. Da yaronku ya tsaga ramin ya fito ya ce, "Alhaji, ga abin da ya faru," wallahi da mun zauna mun nemi mafita, ko a tafi wurin masu injin lata a yanko bushin tagulla a dasa. Fentin nan shi ne ya ƙona mini rai. Wanda ya shafa shi ya san abin da ya ɓoye, ya san fetur ne zai bi ta wurin, ya kuma san mutane ne za su shiga motar. Da na dawo da kayan a hannuna, amsar da babban ma'aikacinku ya ba ni ita ce, "Ai motar ce ta tsufa." Da tsufanta na kawo ta, ramukanta a cinye amma ba a tsage ba.

Ina neman ku mayar mini da sidi 650 ɗina da kuɗin jan mota, rasit ɗin duka biyu suna hannuna. Ku samo jikin kafireto irin nawa mai lafiya da kuɗinku, ni zan kai wa wanda na yarda da shi ya haɗa, ba na son a sake taɓa shi a wurinku. Sannan ku binciki ayyukan da suka fita daga bencin nan a 'yan watannin nan, ku kira masu su, don ban yi zaton ni kaɗai aka yi wa haka ba.

Ranar Asabar bayan azahar zan zo tare da dattijon da kuma ƙyallen da kayan ke kai. Ina roƙon ka kasance a wurin da kanka. Idan aka sake ce mini Masta ya fita, daga nan ofishin ƙungiyar masu gareji zan wuce da su.

Wassalam,
Mai Fijo 504, Aboabo, Kumasi