Zuwa ga ɗana, game da baraden labarinka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ƙaninka ya karanta mini babi huɗun nan da ka turo masa ta waya, muna zaune a zaure bayan isha'i. Birnin aljanun da dodon rijiyar ban da ta cewa a kansu, kai ka ƙirƙiro abinka, ka ba su kai bakwai in ka ga dama. Inda na tsaya shi ne wurin Barden da ya ci amanar Madaki. Ka sa ya kwanta yana mai biyayya, ya tashi maci amana, wai don boka ya busa masa hayaƙi. Ɗana, cire bokan nan. Mai karatu zai yarda da aljani, amma ba zai yarda da mutumin da ya juya ba dalili ba.

Ƙullin zuciyar barde daga rabo yake farawa. Bayan an ci yaƙi ana fitar da humusi, kashi ɗaya cikin biyar, sannan a raba saura: mai doki kaso uku, biyu na dokin ɗaya nasa, dakare kaso ɗaya. Ka ɗauka an koro shanu 100. Humusi ya ɗauke 20, saura 80. Mahaya 20 su kwashi 60, dakaru 20 su raba 20. To ka sa dokin Barden ya mutu a hanya, ya shiga daga a ƙasa, ya fi kowa ɓarna, shi ya sare mai tutar abokan gaba, da yamma a miƙo masa saniya ɗaya, wani yaron Madaki da bai zare takobi ba ya kora uku. Ba a zalunce shi a ƙa'ida ba, shi ya sa ba shi da inda zai kai ƙara, kuma irin wannan ita ta fi ci a rai. Ka ƙara masa da ranar hawa: a sauya masa wuri a jerin dawaki, a jefa wa wani alkyabba a gabansa, maroƙi ya zo kansa ya tsallake kirarinsa. Kada ya ce uffan. Ya sauka, ya kwance sirdi da kansa, ya ƙi cin tuwo.

Ba sai ka je nesa neman misali ba. Sarkin Kano Bello ya yi shekaru yana tuɓe 'ya'yan wansa Abdullahi Maje Karofi daga sarautu. Da ya rasu a 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, sai Yusufu ɗan Abdullahi da 'yan'uwansa suka fice zuwa nan Takai. Yusufu ya rasu a Garko, ɗan'uwansa Alu ya karɓi jagoranci, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Fitar kwana ɗaya ce, amma an daɗe ana tara ta. Naka ma ya taru tun babi na farko.

Sai yadda za a ci amanar. Ka rubuta cewa ya soke shi da mashi a tsakiyar fada. Mai wayo ba ya yin haka, don kafin ya kai ƙofa dogarai sun gama da shi. Ta wajen doki ake bi. Majayi shi ke riƙe sirdi a cikin doki. A yanke rabinsa ta ciki, inda ido ba ya gani, zai ɗauki tafiya da sassarfa lafiya lau, sai an saki linzami mahayi ya taka likkafa zai kai sara, ya tsinke, sirdi ya juya da shi. Ko a cika wa ingarma dawa da dare fiye da kima, a ɗura masa ruwa, da safe ciki ya kumbura yana birgima a turke. Ko kuma, tunda ingarmu ake hawa yaƙi, a ratso da goɗiya mai neman namiji kusa da sahu, ka ga yadda jeri zai watse. Duk waɗannan sai da hannun wanda ke kwana da dokin, don haka Barden yana bukatar zagi ko yaron barga. Da ɗan gari akan ci gari. Ka ba yaron nan nasa dalilin, ko da mari ɗaya ne da aka yi masa gaban mutane.

Wadda ta fi duka sauƙi kuwa ita ce jinkiri. An ce ya kawo ɗauki ta hagu da jin tambari, ya iso bayan ƙura ta lafa, ya ce rafi ne ya cika. Wa zai kama shi?

Gyara maganar lifidi kuma. Tun zamanin Sarkin Kano Kanajeji ake ambatonsa tare da sulke da kwalkwali. Tufa ce da aka cusa wa audugar rimi aka ɗinke, ta rufe doki da mahayi. Tana tare kibiya, amma ga nauyi ga zafi, ba a sukuwa mai nisa da ita, wuta na kama ta nan take, wanda ya faɗo kuma da ƙyar yake tashi sai an ɗaga shi. Kai ka sa ɗan lifidi yana tsallake ganuwa. Ko aljani ne dokin, ka rage masa kaya tukuna.

Abu na ƙarshe, kada ka ba shi sarautar ya zauna lafiya, kada kuma ka sa aradu ta faɗo masa. Ka bar shi da yaron bargan da ya san komai, kullum yana ɗaura masa sirdi, shi kuma kullum sai ya sa hannu ya shafa majayi kafin ya hau.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka rage zaman dare. An fara ɗaurin harawa, in ka samu hutu ka zo da babi na biyar a takarda, idona ba ya son wayar nan.

Mahaifinka.