A bi sawun kuɗin tsaro har bakin daji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A makon jiya na ji wani ɗan majalisar tarayya a rediyo yana kira da a ƙara wa sojoji kuɗi, domin a cewarsa rashin kayan aiki ne ke hana su shiga daji. Na yarda da shi, amma maganar ba ta ƙare a nan ba.

Kasafin 2025 da Shugaba Tinubu ya gabatar ya ware wa tsaro kusan naira tiriliyan 4.9. Jiragen yaƙi samfurin Super Tucano 12 sun iso tun 2021. Duk da haka yayana ya bar gonarsa a Batsari saboda 'yan bindiga shekara uku ke nan, yanzu yana ɗaki ɗaya da iyalinsa a nan Ƙofar Marusa, garmarsa na jingine a zaure ta yi tsatsa. Damina in ta faɗi, sai ka gan shi zaune yana kallon hadari, ba ya cewa uffan.

Ranka ya daɗe ɗan majalisa, majalisa ce ke amincewa da kasafi, ita ce kuma ke da hurumin bin ba'asi. Ku je bakin dajin Rugu ku tambayi sojan da ke can ko alawus ɗinsa na zuwa kan kari, ko motarsa na da mai. Ku duba yadda za a haɗa hannu da dakarun tsaron al'umma da Gwamna Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023, tunda su suka san kowace ɓarauniyar hanya.

Sannan a ƙara kuɗin, wallahi muna goyon baya.

Naku,
Wani mai karatu daga Katsina