Bishiyar bach ba ta ƙasar zafi ba ce

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni fili in ja kunnen masu ganin hoton bishiyar bach ɗin nan mai farin ɓawo a Facebook suna cewa a aiko musu da iri su shuka a Kano ko Damagaram, wallahi asarar kuɗi ce kawai. Bishiyar ƙasar sanyi ce, ita ce ma Finland ta ɗauka bishiyar ƙasa. Mu nan Ingila da ake dasa ta a lambun gida ma in zafi ya ɗan matsa ba ruwa sai ka ga ganyen ya yi rawaya yana zuba tun lokaci bai yi ba, don saiwarta sama-sama take bazuwa, shi ya sa ake barbaza ɓawon itace a gindinta ya riƙe danshi. Kuma ba a sare mata reshe lokacin toho, ruwa zai yi ta tsiyaya kamar famfon da ya lalace, sai ƙarshen zafi ake yi. Ga ƙurar furenta mai sa mutane atishawa a watan Afrilu.

Mai son inuwa a tsakar gida ya nemi darbejiya ko mangwaro.

Naka, mai karatu daga Ingila.