Yawan mabiya ba shi ne a ji maganarka ba

Malam Edita, assalamu alaikum, a ba ni ɗan fili don Allah.

Tun 2010 masu bincike suka duba Twitter suka gano tarin mabiya ba ya sa a ɗauki maganar mutum, a 2018 kuma ƴan jami'ar MIT ta Amurka suka nuna ƙarya ta fi gaskiya gudu wajen sau 6. To mu nan Maradi saƙon muryar WhatsApp ke mulki, ana fada ana shan shayi wani ya kunna, da an ce "daga gurup ɗin malam ne" shikenan ba mai tambaya, ko kuɗin tiyar hatsi haka ake yaɗa shi. Malaman jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ku bincika mana, muryar wa aka fi yarda da ita a garin nan?

Mai karatunku, daga Maradi.