Rahoton Ayyukan Shekara: Tarukanmu da Tafiyar Helen

Assalamu alaikum, iyayenmu, yayye da ƙanne mazauna Atlanta da kewaye.

Ayyukan da muka saba duk sun gudana. An yi buɗa-baki tare a azumi, an yi walimar Sallah ƙarama da babba, an je suna, an je ta'aziyya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya mana jariran. Karatun Hausa na yara ranar Lahadi ya yi rauni bayan hutun bazara, kuma laifin namu ne iyaye, malamai ba su taɓa fashi ba. Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta a zaure.

Abin da ya fi cin lokacin kwamiti bana shi ne tafiyar da muka yi lokacin kaka zuwa Helen, garin nan na cikin duwatsun arewacin Jojiya, tafiyar kamar mil 90 daga nan. Kun san sai da aka kai ruwa rana kafin a amince. Wasu dattawanmu suka ce lokacin Oktoberfest ne, bikin Jamusawa da kowa ya san da giya ake yinsa, me ya haɗa mu da shi? Maganarsu gaskiya ce. Matasa kuma suka ce a lokacin ne ganyen itatuwa ke rinewa, in aka bari ya wuce sai baɗi. Aka tsaya a kan a shiga garin da hantsi, a fita kafin la'asar, kuma babu mai leƙa Festhalle, zauren da ake kiɗa da shaye-shaye.

Ga waɗanda ba su je ba: Helen ba garin Jamusawa ba ne tun asali. Garin masu yankan katako ne, da katakon ya ƙare sai ya koma kufai-kufai. A 1969 wasu 'yan kasuwar garin suka nemi wani mai zane, John Kollock, wanda ya taɓa zama a Jamus lokacin da yake soja, ya zana musu yadda shagunansu za su kasance in an ba su fasalin ƙauyukan Bavariya, wani yanki na kudancin Jamus. Suka bi zanen, aka yi jan rufi mai tsini, aka gitta katako a farin bango, aka rataya furanni a baranda. Har sunayen tituna aka mayar na Jamusanci, shi ya sa za ka ga an rubuta Edelweiss Strasse a tsakiyar Amurka. Mazauna garin a ƙidayar 2020 su 531 ne kacal, amma ranar da muka je ko wurin taka ƙafa da ƙyar. Shi bikin Oktoberfest kuwa a Munik, babban birnin Bavariya, aka faro shi a 1810, wajen auren yarima Ludwig. Na Helen yana farawa a Satumba, ya kai ƙarshen Oktoba.

Motar da muka yi haya ta makara, ga cunkoso a hanya ɗaya tilo da ta ratsa garin, sai muka isa rana ta ɗaga sosai. Yara ba su damu ba. Suka ga ƙatti da gajeren wando na fata mai igiya a kafaɗa, da hula mai gashin tsuntsu, suka ga keken doki, suka tsaya kan gada suna leƙen kogin Catahuci, wanda a can ruwa ne garai-garai kana ganin duwatsun ƙasansa. Da ƙyar suka yarda shi ne dai kogin da ya biyo ta Atlanta. Wani yaro ya ji busar ƙahon tagulla daga nesa, ya tambayi babansa ko sarki ne zai fito.

Abinci ne inda hasashenmu ya yi daidai. Yawancin naman da ake gasawa a titi na alade ne. Abin da muka saya a garin bai wuce burodin nan murɗaɗɗe mai gishiri da alewa ba. Iyayenmu mata ne suka fitar da mu kunya da kulolin dafa-duka, waina da soyayyen kaza. Allah ya saka musu.

Wurin da ya fi burge su Hajiya shi ne Nora Mill, gidan niƙa da ke bakin kogi tun 1876, wanda har yau ruwa ne ke juya dutsen niƙansa. Wata daga cikinsu ta damƙi barzajjiyar masarar da Amurkawa ke kira grits, ta murza a tafin hannu, ta ce wannan ai tsaki ne. Nan take aka hau saye. Mun ji an yi fate a gidaje da dama a makon.

Azahar da la'asar a dajin shaƙatawa na Yunikoi muka yi su, a gefen tafki, dutse ya zagaye mu ja da ruwan ɗorawa. Daga nan masu ƙarfin gwiwa suka hau zuwa Anna Ruby, inda rafuka biyu ke zubowa tare, ɗaya daga tsayin ƙafa 153, ɗaya 50. Hanyar ba ta kai kilomita ɗaya ba, amma hawa ce, kuma kuskurenmu ne da ba mu gaya wa dattawa haka tun daga ƙasa ba. Muna ba su haƙuri.

Ra'ayin kwamiti shi ne in za a koma, a bar Asabar, a zaɓi ranar aiki da yara ke hutu, a fi ba daji da ruwa lokaci fiye da cikin garin. Mutum biyu daga cikinmu na ganin a sauya wuri gaba ɗaya. Za a kaɗa ƙuri'a a taro mai zuwa, tare da zaɓen sabon kwamiti.

Masu bashin kuɗin wata da na mota, don Allah a ga ma'aji kafin ranar. Akwai kuma babbar kula shuɗiya da darduma biyu da aka manta a mota, suna gidan sakatare.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti.